Yadda Ake Daidaita Katin Wi-Fi na Kwamfuta da Zangon Rautar Gida

Tambayar da masu karatu suka fi turo mini a kan intanet na gida kusan kullum iri ɗaya ce. An sayo sabuwar rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi a cikin gida, an kunna, wayoyin gidan duk sun hau ba wahala, amma kwamfutar cinya ta ƙi ganin sunan Wi-Fi ɗin, ko ta ga suna ɗaya a inda waya take ganin biyu, ko kuma ta gani amma da an sa kalmar sirri sai ta ce ba za ta iya haɗuwa ba. Daga nan sai a ɗauki kwamfutar a nufi wurin mai gyara, ko a mayar da rautar shago ana cewa jabu ce, alhali a mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace a cikin biyun. Katin Wi-Fi da ke cikin kwamfutar ne bai haɗu da rautar a zango ɗaya ba, tamkar rediyon da ba shi da gajeren zango, wanda duk murɗawar da za a yi masa ba zai kamo tashar da ke watsa shirinta a can ba.

Rautocin gida suna aiki da zango uku: 2.4 GHz, wanda kusan kowace na'ura mai Wi-Fi take ji. 5 GHz, wanda ya fi sauri amma bai kai na farko ratsa bango ba. Sai 6 GHz, wanda sababbin na'urori kaɗan ne suke da shi. Na jera matakan ne daga waɗanda ba sa cin ko sisi zuwa waɗanda sai an taɓa aljihu, kuma ya kamata a bi su a jere, domin wanda ya tsallake mataki na biyu ya tafi kasuwa yakan sayo katin da bai fi nasa ba.

Kayan aikin ba su da yawa: ita kwamfutar, wayar hannu ta zamani wadda aka tabbatar tana hawa rautar, kebul na intanet mai shiga bayan rauta idan akwai, da ɗan data don sauko da direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da katin.

1. A tantance irin matsalar

A ajiye kwamfutar da wayar kusa da rautar, kamar taku biyu ko uku, sannan a buɗe jerin sunayen Wi-Fi a kan kowacce a kwatanta. Idan kwamfutar ba ta ganin suna ko ɗaya, har da na maƙwabta, to matsalar ba ta zango ba ce. A duba ko an kunna yanayin jirgin sama, ko an kashe Wi-Fi da maɓallin Fn, ko da ɗan makunnin da ke gefen wasu tsofaffin kwamfutoci. Idan tana ganin na maƙwabta amma ba ta ganin na gida, matakai na biyu zuwa na biyar, da na bakwai, ne suka fi shafarta. Idan tana gani amma ba ta haɗuwa, a sa ido a kan na shida da na bakwai. Idan kuwa tana haɗuwa amma tana katsewa ko tana ja, to na takwas ne.

Akwai gwaji mai sauri da wayar kanta. A kunna rabon intanet na wayar, a sa shi a kan 5 GHz, a ga ko kwamfutar za ta hango shi, sannan a mayar da shi 2.4 GHz a sake dubawa. A wayoyin Android zaɓin yana cikin saitin rabon intanet, sau da yawa da sunan "AP band". A iPhone 12 da waɗanda suka biyo bayanta, kunna "Maximize Compatibility" shi ke mayar da rabon zuwa 2.4 GHz. Kwamfutar da ta ga wayar a na biyu kaɗai ta riga ta ba da rabin amsa.

Gargaɗi: sunan Wi-Fi da ya ƙare da "5G" yana nufin zangon 5 GHz ne, ba layin 5G na kamfanonin waya ba. Rautar da ke karɓar intanet ta layin 4G tana iya watsa 5 GHz a cikin gida, kuma kwamfuta ba ta buƙatar komai na 5G kafin ta hau rautar 5G.

2. A gano katin da abin da yake iya ji

Wannan shi ne matakin da sauran duk suka dogara a kansa. A Windows 10 ko 11, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta cmd, a danna Enter, sannan a baƙin allon da ya buɗe a rubuta:

netsh wlan show drivers

A saman bayanin za a ga sunan katin da lambar direba da kwanan watansa. A gangara zuwa layin "Radio types supported". Idan abin da ke wurin 802.11b da 802.11g da 802.11n ne kawai, katin na 2.4 GHz ne zalla, kuma babu saiti ko direban da zai sa ya ji 5 GHz, domin na'urar karɓar wannan zangon ba ta cikinsa tun daga masana'anta. Idan akwai 802.11a ko 802.11ac a jerin, katin yana jin 5 GHz. Katin kwamfuta mai 802.11ax yana jin duka biyun, amma wannan ba ya nufin yana jin 6 GHz. Sai wanda aka rubuta wa Wi-Fi 6E ko Wi-Fi 7. Misali, Intel AX200 da AX201 sun tsaya a 5 GHz, AX210 da AX211 ne suke kaiwa 6 GHz.

Harafin n shi ne ya fi rikita mutane, saboda tsarin 802.11n yana aiki a zango biyu, amma katuna da yawa masu araha an yi su da 2.4 GHz kaɗai. Realtek RTL8188EE da RTL8723BE, da Atheros AR9285 da AR9485, da Intel Centrino Wireless-N 2230, duk irin waɗannan ne, kuma suna cike a cikin kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Lamba kaɗai ma ba ta isa hujja ba. Intel ta fitar da katuna uku masu lamba 7260: Wireless-N 7260 mai zango ɗaya, Dual Band Wireless-N 7260, da Dual Band Wireless-AC 7260. Mutum biyu za su iya cewa katinsu 7260 ne, ɗaya yana ganin 5 GHz ɗaya ba ya gani, kuma duk gaskiya suka faɗa. Saboda haka a rubuta cikakken sunan a takarda, harafi da harafi.

Idan Windows ba ta nuna sunan katin ba sai "Network Controller" da alamar rawaya, to direba ne babu. A buɗe Device Manager, a danna dama a kan wannan layin, a shiga Properties, sannan Details, a zaɓi "Hardware Ids". Lambar da ke bin VEN tana nuna kamfani: 8086 Intel, 10EC Realtek, 168C Atheros, 14E4 Broadcom, 14C3 MediaTek. Lambar da ke bin DEV tana nuna ainihin katin, kuma da su biyun ake nemo direban da ya dace.

Masu Linux su yi amfani da umarnin lspci don ganin sunan katin, da iw list don ganin mitocin da yake karɓa. Masu Mac su shiga System Information, sashen Wi-Fi, inda aka jera tashoshin da katin ke ji.

3. A shiga saitin rautar

A juya rautar a karanta takardar da aka manna a ƙasanta. A nan ake samun adireshin shiga, sunan mai kula da kalmar sirrinsa, da kuma alamar ƙarfinta. Alamar N150 ko N300 zango ɗaya ce, wato 2.4 GHz, wadda ta fara da AC ko AX, kamar AC1200 ko AX1800, tana da zango biyu. Ƙananan na'urorin aljihu na MiFi masu araha da yawa 2.4 GHz kaɗai suke da shi, wasu kuma suna da biyun amma ɗaya suke watsawa a lokaci guda, sai an zaɓa.

Adireshin yakan zama 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na'urorin Huawei masu layin waya kuma galibi 192.168.8.1. Idan takardar ta goge, a rubuta ipconfig a baƙin allon kwamfutar da ke haɗe da rautar, a duba lambar da ke gaban "Default Gateway". A rubuta lambar a burauza, a shiga da bayanan mai kula, waɗanda ba lallai su zama ɗaya da kalmar sirrin Wi-Fi ba. A nemi sashen "Wireless" ko "WLAN", a tabbatar an kunna zango biyun duka, kuma ba a ɓoye sunan ba.

Gargaɗi: kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton kowane shafin saiti da waya. Idan da hali a yi aikin ta kebul, domin duk sauyin da aka adana yana katse Wi-Fi na ɗan lokaci. Kada kuma a tsokane ɗan ramin "Reset" da allura don gaggawa, musamman a rautar da kamfanin intanet ya zo ya saita, saboda yana goge bayanan haɗin layin, kuma sai an kira su kafin intanet ya dawo.

4. A raba sunayen zangon biyu

Sababbin rautoci suna zuwa da suna ɗaya ga zango biyun, rautar ce ke zaɓa wa kowace na'ura inda za ta zauna. TP-Link da Asus da Netgear suna kiran wannan "Smart Connect", wasu kuma "Band Steering". Tsarin yana da daɗi idan na'urorin gida duk sababbi ne, amma yana ɓoye wa mai bincike abin da yake nema, kuma tsofaffin katuna sukan rikice idan rautar ta yi yunƙurin tura su zangon da ba su iya ba. A kashe shi, a ba kowane zango sunansa, misali Gida24 da Gida5, da haruffan boko na yau da kullum ba tare da masu lanƙwasa ko hotunan murmushi ba, domin wasu tsofaffin na'urori ba sa karanta su daidai. Kalmar sirri tana iya zama ɗaya.

Bayan an adana, a sake duba jerin sunaye a kwamfutar. Yanzu za a ga a fili wanne take gani. Kyamarorin tsaro, kwan fitila masu Wi-Fi da firintoci da yawa 2.4 GHz kaɗai suke ji, don haka kada a kashe wannan zangon da sunan neman sauri.

5. A tsayar da tasha wuri ɗaya

Idan mataki na biyu ya nuna katin yana jin zangon, amma har yanzu sunan bai fito ba, to zargi na farko a kan tasha yake. Kowane zango an yanka shi tashoshi masu lamba, kuma kowace ƙasa tana da waɗanda ta halatta. A 2.4 GHz, Amurka tana amfani da 1 zuwa 11, Turai da mafi yawan ƙasashe 1 zuwa 13. Kwamfutar da aka saita don kasuwar Amurka tana iya kasa ganin rautar da ta zauna a tasha ta 12 ko ta 13, alhali wayar da ke gefenta tana gani sarai. A 5 GHz kuma lamarin ya fi haka rassa: tashoshi 36, 40, 44 da 48 kusan kowane kati yana karɓarsu, 149 zuwa 165 wasu na'urorin da aka yi don Turai ba sa ganinsu, su kuwa 52 zuwa 64 da 100 zuwa 140 ana raba su ne da na'urorin radar. A kasuwanninmu, inda rauta take zuwa daga Sin ko Dubai, kwamfuta kuma daga Amurka ko Ingila, wannan saɓanin ba baƙon abu ba ne.

Tashoshin radar ɗin, waɗanda a shafin saiti ake yi wa alamar DFS, suna da ɗabi'ar da ke sa mutane su ɗauka rautarsu ta lalace. Doka ta tilasta wa rauta ta yi shiru tana sauraro na minti ɗaya kafin ta fara watsawa a kansu, kuma a ƙa'idar Turai jiran yakan kai minti 10 a tashoshi 120 zuwa 128, inda radar hasashen yanayi take aiki. Idan kuma ta ji alamar radar tana tsakiyar aiki, dole ta bar tashar nan take, duk wanda ke kai ya katse. Wasu katuna masu araha ba sa duba waɗannan tashoshin gaba ɗaya.

A nan ne matsalar ɗauke wuta take shigowa. Rautar da aka bar tasharta a kan "Auto" tana sake zaɓe duk lokacin da ta tashi. Da safe ta zauna a 36, kwamfuta ta hau lafiya. Da rana aka ɗauke wuta aka tada janareta, ta farka a 100 ko 149, sunan ya ɓace daga kwamfutar. Da dare wuta ta dawo, ta koma 44, komai ya daidaita kamar ba a yi ba. Duk wanda ya ce mini Wi-Fi ɗinsa yana zuwa yana tafiya ba dalili, wannan nake fara tambayarsa.

Maganin kyauta ne. A shafin 5 GHz a cire "Auto" a zaɓi 36, ko 40, 44, 48. A shafin 2.4 GHz a zaɓi 1, 6 ko 11, domin su ukun ne ba sa hawa kan juna. Don sanin wacce ta fi sarari, a rubuta wannan umarnin a ga tashar da kowane maƙwabci yake kai da ƙarfin siginarsa:

netsh wlan show networks mode=bssid

A zaɓi wadda masu ƙarfi suka fi ƙaranci a kanta. Idan shafin rautar yana da zaɓin ƙasa, a sa ƙasar da ake zaune.

Gargaɗi: kada a zaɓi wata ƙasa daban don a buɗe ƙarin tashoshi ko ƙarin ƙarfi. Ban da saɓa ƙa'idar hukumar sadarwa, hakan yana iya kai rautar tashar da na'urorin gidan ba za su gani ba, a koma gidan jiya.

6. Faɗin tasha, tsarin aiki da tsaro

A shafi ɗaya da tasha akwai "Channel Width". A 2.4 GHz a bar shi a 20 MHz. 40 MHz yana cinye kusan rabin zangon, kuma a unguwa mai cunkoso katsewa yake jawowa. A 5 GHz, 80 MHz ya dace da yawancin gidaje. Faɗin 160 MHz dole yake shiga tashoshin radar, don haka a kashe shi yayin bincike.

Sai "Mode". Idan an sa rautar a kan "ax only" ko "ac only", tsohon kati zai tsaya a waje. A zaɓi na gauraye, wato b/g/n ko b/g/n/ax a 2.4 GHz, da a/n/ac ko a/n/ac/ax a 5 GHz.

Tsaro shi ne babban dalilin saƙon nan na "Can't connect to this network" bayan an tabbatar kalmar sirri daidai take. Rautoci masu Wi-Fi 6 sukan zo da WPA3, wanda katuna da direbobi na da ba su san shi ba, kuma wasunsu ko tsarin gauraye na WPA2/WPA3 ba sa jurewa. A mayar da shi WPA2-PSK tare da AES a gwada. Idan ya yi aiki, a bar shi haka har a sabunta direba, sannan a sake gwada na gaurayen. Zangon 6 GHz shi kam ba ya karɓar WPA2 ko kaɗan, kuma a katunan Intel sai da Windows 11 yake buɗewa.

Gargaɗi: kada a sauka zuwa WEP ko TKIP, kuma kada a bar Wi-Fi a buɗe ba kalmar sirri. Tsofaffin tsare-tsaren nan biyu ba su da kariyar kirki, sannan suna tsayar da saurin haɗi a 54 Mbps komai ƙarfin katin.

Duk lokacin da aka sauya tsaro ko suna, a sa kwamfutar ta manta da tsohon bayanin: Settings, Network & Internet, Wi-Fi, "Manage known networks", a zaɓi sunan a danna "Forget", sannan a sake haɗawa. Mutane da yawa suna gyara rautar daidai amma su manta wannan, sai su ɗauka gyaran bai ci ba.

7. A sabunta direba

Akwai matsalar da Intel da kanta ta bayyana: katunanta na 802.11ac, irin su 3160, 3165, 7260, 7265, 8260 da 8265, idan suna kan tsohon direba, ba sa nuna sunan rautar Wi-Fi 6 a jeri, ko da a zangon da suke ji ne. Alamarta ita ce kwamfuta ta ga duk maƙwabta ban da sabuwar rautar gida. Hanyar tabbatarwa ita ce a kashe 802.11ax a rautar na ɗan lokaci. Idan sunan ya fito nan take, direba ne.

A sauko da sabon direba daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ko Dell ko Lenovo, ta amfani da lambar samfurin da ke ƙasanta, ko daga shafin Intel idan katin nata ne. Tun da kwamfutar ba ta kan Wi-Fi, a haɗa ta da kebul, ko a jona waya ta USB a kunna rabon intanet ta USB ɗin, ko a sauko da fayil ɗin a wata na'ura a kawo a filashi. Bayan an girka a kashe kwamfutar a kunna, a sake umarnin mataki na biyu a ga ko lamba da kwanan watan direban sun canza. Idan kuwa matsalar ta fara ne bayan wani sabuntawa, a shiga Properties na katin, shafin Driver, a danna "Roll Back Driver".

Gargaɗi: a guji manhajojin da ke alƙawarin sabunta duk direbobi da danna ɗaya. Suna yawan girka wanda bai dace ba, wasunsu kuma da tallace-tallace da ƙwayoyin cuta suke zuwa.

8. Saitin katin da mazaunin rauta

A Device Manager, ƙarƙashin "Network adapters", a buɗe Properties na katin a shiga "Advanced". Sunayen sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma a katunan Intel za a ga "802.11a/b/g Wireless Mode", wanda ya kamata ya kasance a kan "Dual Band 802.11a/b/g", domin idan wani ya taɓa mayar da shi na 2.4 GHz kaɗai to katin zai daina ganin 5 GHz kamar ba shi da shi. Akwai kuma "Preferred Band", inda ake zaɓar zangon da aka fi so. A shafin "Power Management", idan akwai shi, a cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe katin don tanadin batir, wadda takan jawo katsewa bayan kwamfuta ta farka daga barci.

Daga nan a haɗa, a rubuta:

netsh wlan show interfaces

Tasha daga 1 zuwa 13 tana nufin 2.4 GHz, daga 36 zuwa sama 5 GHz, Windows 11 kuma tana rubuta zangon ƙarara a layin "Band". A duba "Receive rate". Kati mai eriya ɗaya na 802.11n a 2.4 GHz da faɗin 20 MHz iyakarsa 72 Mbps, mai eriya ɗaya na 802.11ac yana kai 433, mai biyu 867. Wannan saurin tsakanin kati da rauta ne kawai. Idan layin da ke shigowa gidan 15 Mbps yake bayarwa, sauya zango ba zai ƙara masa komai ba, kuma a irin wannan gidan ban ga dalilin kashe kuɗi don neman 5 GHz ba, sai dai idan cunkoson maƙwabta ya hana 2.4 GHz zama.

Idan lambobin suna da kyau kusa da rauta amma suna faɗuwa a ɗaki, gini ne. Bulon siminti, dakin mai rodi, ƙofar ƙarfe da katangar ƙasa mai kauri duk suna cin 5 GHz fiye da 2.4 GHz. A ɗaga rautar sama a tsakiyar gida, a fito da ita daga bayan talabijin ko cikin kabad, a nesanta ta daga na'urar ɗumama abinci ta maikirowef, wadda take aiki a kusa da mitar 2.4 GHz. Ɗakin da ke bayan bango biyu ko uku, a bar shi a Gida24.

9. Idan sai an saya

Wanda mataki na biyu ya nuna masa katinsa zango ɗaya ne, kuma yana buƙatar 5 GHz da gaske, yana da hanya biyu. Mafi sauƙi da araha ita ce ɗan katin USB. A karanta kwalin da kyau: dole a ga "Dual Band" da alamar AC ko AX, kamar AC600 ko AC1300. TP-Link Archer T2U da T3U suna jin zango biyu, amma TL-WN725N, ɗan ƙaramin nan da ya fi yawa a shaguna, N150 ne, wato daidai da abin da ake gudu. A tafi da kwamfutar shagon, a kunna rabon intanet na waya a 5 GHz, a gwada a gaban mai kaya kafin a biya. Farashi yana bin dala, don haka a tambaya a shago biyu ko uku, kuma a tabbatar akwai direban Windows ko Linux ɗin da ake amfani da shi. Bayan an girka, a kashe katin ciki a Device Manager don kada su riƙa rigima. Idan ƙaramin katin USB yana katsewa a 2.4 GHz, a nesanta shi daga filashi ko faifan ajiya na USB 3.0, waɗanda aka san suna fitar da hayaniya a wannan zangon. Ɗan kebul na ƙari yana magance haka.

Hanya ta biyu ita ce sauya katin ciki, wadda ta fi inganci saboda tana amfani da eriyoyin da ke jikin murfin allo, amma ta fi tsada idan aka haɗa da kuɗin aikin mai gyara, kuma tana da tarkuna. Ramin katin iri biyu ne: mini PCIe a tsofaffin kwamfutoci, M.2 2230 a sababbi, kuma ba sa shiga na juna. Kan wayoyin eriyarsu ma girmansu ya bambanta, na M.2 sun fi ƙanƙanta. A wasu siraran kwamfutoci katin a like yake da babban allon kayan cikin kwamfutar, wato motherboard, ba ya cirewa. Katunan Intel 9560, AX201 da AX211 suna dogara ne da wani sashe da ke cikin ƙwaƙwalwar Intel ta wasu zamunna, saboda haka ba sa aiki a kowace kwamfuta ko da sun shiga ramin. AX200 da AX210 ba su da wannan sharaɗin. Sannan wasu tsofaffin ThinkPad da HP suna da jerin katunan da suka yarda da su kaɗai, idan aka sa wani sai su ƙi tashi, ThinkPad ta nuna kuskure mai lamba 1802, HP kuma 104. A nemi littafin gyara na samfurin a shafin kamfanin a ga katunan da aka lissafa kafin a saya.

Gargaɗi: kafin a buɗe kwamfutar a kashe ta gaba ɗaya, a zare caja, a cire batir ko a zare wayarsa daga babban allon ciki. A ɗauki hoton yadda wayoyin eriya, baƙa da fara, suke zaune a kan tsohon katin. A ɗaga su tsaye da farce ko ɗan roba, kada a ja su ta gefe, a mayar da su kuma ta hanyar daidaita kan a saman mazauninsa a danna a hankali har ya zauna. Idan kwamfutar waya ɗaya ce ta eriya gare ta, a jona ta a wurin da aka rubuta "Main". A sauko da direban sabon katin tun kafin a cire tsohon, domin Windows ba lallai ta gane shi da kanta ba, kuma a lokacin babu Wi-Fi ɗin da za a sauko da shi.